Ɗan Akuyar da Aka Bari a Gwangwani

"Mama, tunda Malama ta mutu, wa zai fito da ɗan akuyar daga rijiya?"

A gaban mutane 'yata ta yi tambayar. Muna falon Malama, maƙwabciyarmu, an dawo daga binne ta ke nan, mata sun cika tabarmi har bakin ƙofa. Wata tsohuwa ta zabura. "Akuyar wa ta faɗa? Dama gidan nan akwai rijiya?"

"Ba ta gaske ba ce, Inna," na ce. Na ja hannun yarinyar muka fita baranda.

Katanga ɗaya ta raba mu da Malama. Tsohuwar malamar firamare ce, ta daɗe da ajiye aiki, amma duk Asabar yaran layinmu na taruwa a teburin falonta. Tana da tsofaffin littattafan labarai, irin waɗanda iyayenmu suka karanta, wasu har an ɗinke bangonsu da zare. Ba ta taɓa ƙarasa labari a zama ɗaya. In ta kai inda wani ya shiga uku, sai ta rufe littafin, ta ɗora tabaranta a kai, ta ce, "To, baki ya gaji. Hannu ya karɓa." Yara su gina wurin da kwali da laka da gwangwani, mako na gaba su ƙera hanyar fita, sannan ta buɗe ta karanta musu abin da ya faru.

Ni dai ɓarnar nake gani. Gam a jikin riga, laka a farce, ashanata tana ƙarewa ban dafa komai ba. Na taɓa yi mata ƙorafi ta kan katanga.

"Malama, ashanata fa?"

"Ta tafi makaranta, 'yar nan. Ki yi mata addu'a ta ci jarrabawa."

Asabar ta ƙarshe, labarin wani ɗan akuya suka yi, wanda ya bi malam-buɗe-littafi har ya faɗa busasshiyar rijiya. 'Yata ce ta mulmula shi da laka, kunne ɗaya ya fi ɗaya. Gwangwanin madara ne rijiyar. Ta dawo gida tana maimaita dokar Malama: ban da sa hannu a ɗauko shi, don a labarin ba wani hannu da ya sauko daga sama.

Tsakiyar mako ciwo ya kwantar da Malama. Na hana yarinyar shiga. Ƙafafun sun kumbura, numfashin yana fita da ƙara, ban ga abin da yaro zai ƙaru da shi ba. Ni nake kai mata shayi in gyara mata filo.

"Ina Sarkin Tambaya?" Haka take kiran 'yata.

"Tana gida, Malama."

"Kin ɓoye ta."

Na ci gaba da juya cokali a shayin.

"Ba laifi. Ni ma da ina da inda zan ɓoye kaina, da na ɓoye." Ta huta. "Kar dai a taɓa min teburin nan. Akwai wanda muka bari a rami."

Na ce to, irin to ɗin da ake ce wa mara lafiya.

Da safe ta cika. Ina shanya na ji kukan surukarta ta kan katanga. Na ƙarasa shanyar, na kifa bokitin, sannan na ɗauki mayafi. Ban ji komai a raina ba. Aiki na gani: a fitar da kujeru, a share, a shimfiɗa tabarmi. Teburin ya tare wuri, sai surukar ta kawo buhu. Ni na riƙe bakin buhun, ita tana turo kwalaye da gwangwanaye da gutsattsarin ulu. Muka ɗaure, aka jingine shi bakin get don mai kwashe shara.

A barandar da na ja ta bayan tambayar nan, na durƙusa daidai tsayin 'yata. Ba kuka take ba.

"Yana ciki tun ran Asabar, Mama. Ko ruwa bai sha ba."

"Laka ne, uwata."

"Na san laka ne. Amma yana ciki."

Ranar ba ta ci abinci ba. Washegari ma ta zauna gaban kwano tana gina tudu da cokali tana rushewa. Na taɓa goshinta, ba zazzaɓi. Sai na ce a raina abin ai mai sauƙi ne: in karɓo littafin in karanta mata ƙarshen, ta ji an fito da shi, ta ci abinci.

Ɗan Malama yana zaune a ƙofar gida da masu zuwa gaisuwa. Na roƙe shi littafin. Ya shiga ya ɗauko. "Ki kwashe su duka ma, maƙwabciya. Ni ina zan kai su?"

A tsaye na buɗe. Ga ɗan akuya a ƙasan rijiya, yana kallon sama ta zama kamar faranti. Na juya shafi, sai bango. Sauran shafukan babu su. Yagar ma tsohuwa ce, bakinta ya yi ja.

Bakaniken layinmu, wanda a gaban Malama ya girma, ya leƙo. "Kai! Littafin ɗan akuya! Ai da tsani aka fito da shi."

Wata nas da ta fito daga wajen mata tana neman takalminta ta tsaya. "Wane irin tsani? Guga aka zura masa."

"Ke lokacin majina kike ja, me kika sani? Ni na ɗaure tsanin da hannuna."

"Ni kuma na yi gugar da marfin turare, ƙaton banza. Ta karanta mana, guga littafin ya ce. Na gan ta tana bin layi da yatsa."

Ɗan Malama ya shafa fuska. "Bangon take bi. Ni na yage shafukan ina yaro, na yi jirgin sama da su. Duk abin da yara suka ƙera, shi take karantawa."

Nas ta sa takalmi ɗaya, ta tsaya riƙe da ɗayan. Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya yi kuka.

Ashe babu abin da zan karanta mata. Na waiga get. Buhun na nan, kurar mai shara kuma ta shigo layin, yana tsayawa gida gida. Na kwance buhun na zazzage a ƙasa, masu gaisuwa suna ratse ni. Can ƙasa na sami gwangwanin, gefensa ya lotsa. Yana ciki, babban kunnen ya karye.

Na zura yatsu biyu.

"Mama, ban da hannu!"

Ban san ta biyo ni ba. Na janye.

A kan teburin kicin ɗina ta yi aikin. Na miƙa mata ashana, kwali guda, ban ƙirga ba. Ta ture. "Akuya ba ta hawa tsani. Tudu take so." Ta tattaro marafan kwalba, tana saka su ɗaya ɗaya da cokali, nan ɗaya, gaba biyu, gaba uku, har suka zama matakala. Ta ɗauki tsinken tsintsiya tana tura ɗan akuyar ta baya. Ya faɗo. Ta gyara. Ya sake faɗowa. Hannuna yana ƙaiƙayi, na zauna a kansa. Rana ta bar tagar kafin ya haye bakin gwangwanin ya faɗo kan tebur a gefensa.

Ta turo min littafin. "Karanta."

Na buɗe bangon, na ɗora yatsa inda babu rubutu, na ce ɗan akuya ya ga duwatsu a jere, ya taka na farko, ya taka na biyu, ya zame, ya sake, har ya ga ciyawa.

"Haka ya ce?"

"Haka ya ce."

Ta jawo kwanon, abincin ya huce, ta fara ci. Can ta ce, bakinta cike, "Malama ba za ta gani ba ko?"

"Ba za ta gani ba."

Ta gyaɗa kai ta ci gaba.

Yana kan tagar kicin yanzu, kunne ɗaya, ya juya wa gwangwanin baya, murfin kwalba cike da ruwa a gabansa. Ke da za ki shiga gidan rasuwa da tsintsiya da buhu, kar ki ɗaure bakin buhun sai kin kira yaran gidan da na maƙwabta sun leƙa ciki.