Asabar ɗin da Akwati Ya Yi Shiru

Shekararta arba'in da shida, tana da shagon ɗinki mai keke uku, amma har yau Auta ake ce mata, kuma har yau idan Yaya ya yi fushi da ita abinci ba ya mata daɗi. Sati uku ke nan bai taka gidanta ba. Abin da ya haɗa su kuwa ko faɗarsa abin kunya ne, wai a kan fim.

Sunan fim ɗin Riƙe Tsani. Tsohon fim ne na barkwanci, kashi huɗu, a kan wasu masu fenti biyu da ba su taɓa gama aiki lafiya ba. Babban yana can saman tsani yana ba da umarni, ƙaramin kuma aikinsa ɗaya ne, ya riƙe tsanin. Duk lokacin da na sama ya leƙo ya ce, "Ka riƙe tsanin?" sai na ƙasa, wanda tuni ya yi nisa wurin mai sayar da lemo, ya ɗaga murya ya ce, "Yana raina, maigida!" Daga nan sai faɗuwa, da bokitin fenti a ka.

Mahaifinsu ne ya fara kai su silima suka gan shi, Auta tana kan kafaɗar Yaya. Bayan rasuwarsa suka samu kaset, kaset ya tsinke suka samu faifai. Kowace Asabar da yamma Yaya zai rufe injin niƙansa da ke bayan kasuwa, ya wanke farin garin da ke girarsa, ya sa riga mai guga, ya zo ya zauna a kujerar da ke kusa da taga. Tun da matarsa ta rasu, 'ya'yansa kuma aiki ya kai su wasu garuruwa, Asabar ɗin nan ce kawai ranar da yake cin abinci da mutane.

Yana da wata ɗabi'a mai ban haushi. Ya haddace fim ɗin kaf, don haka kafin ɗan wasa ya buɗe baki, Yaya ya riga ya faɗi maganar, da muryar nan tasa ta wanda ya shekara talatin da biyar yana gardama da inji. Ita kuma Auta nata aikin shi ne ta ce, "Yaya, ka bari mu ji mana." Sai ya ce, "Me kike so ki ji wanda ban faɗa ba?" Haka suke yi tun tana budurwa, kuma ba ta taɓa fatan ya daina ba.

Sai aka wayi gari an sake yin fim ɗin, da sababbin 'yan wasa. A shagon Auta aka yi sati ana musu. Wata ta ce an ci amanar tsofaffi, wata ta ce ita dai sabon mai riƙe tsanin ya fi kyan gani, wata kuma, wadda ba ta ga ko ɗaya ba, ita ta fi kowa ɗaga murya. Mijin Auta, malamin makaranta ne mai son sabon abu, shi ya kawo faifan gida ya sa ranar Asabar.

Sababbin masu fentin suna da mota da wayar hannu, suna magana da sauri, ga kiɗa a ƙarƙashin kowace magana, rabin zancen ma sun juya baya suke yinsa. Amma gaskiya akwai ban dariya. Auta ta yi dariya har ta share hawaye da gefen mayafi. Yaya kuwa ya naɗe hannu a ƙirji, ya fi kallon fuskokinsu a kan kallon akwatin.

"Waɗannan magana suke yi ko tauna?" in ji shi.

Malam ya ce, "Yaya, zamani ne ya yi gaba ya bar ka a tasha."

Auta ta ƙara da cewa, tana dariya, "Kai dai ba ka son sabon abu. Ba ka ji abin da ya ce wa mai gidan ba?"

Yaya ya miƙe. Ya ɗauki hularsa, ya bar shayinsa rabi, ya tafi. Asabar uku kujerar taga ba kowa, Malam ma da yake son wurin saboda iska bai yarda ya zauna a kai ba.

Ranar Alhamis ta huɗu Auta ta bar wa masu taya ta aiki shagon, ta tafi bayan kasuwa. Ta same shi yana zuba hatsi a bakin inji, bel yana kaɗawa, ƙasa tana rawa. Ta tsaya a gabansa ta yi ta ba shi haƙuri da ƙarfi, shi kuma ya zuba wa bakinta ido har ta gama.

"Tsohon za a sa?" ya tambaya.

"Tsohon, Yaya. Kashi na biyu, wanda ka fi so."

"Ki gaya wa mijinki ya ɓoye wancan a inda ba zan gan shi ba."

Ya zo kuwa, da rigarsa mai guga da ƙullin gyaɗa a leda. Ya gaisa da Malam sama-sama, ya zauna. Malam ya sa faifai. Hoto ya fito, ga masu fenti biyu suna tafe da tsani a kafaɗa, amma ko ƙis akwatin bai ce ba.

Nan take Auta ta gane abin da ya faru. Muryar talabijin ɗinsu ta daɗe da mutuwa, da wata 'yar lasifika suke haɗawa, ita ce kuma Malam ya ɗauka jiya ya kai makaranta saboda muhawarar ɗalibai ya manto ta can. Ga wayar lasifikar nan tana lilo a bayan tebur. Ta yunƙura za ta tashi, sai ta ji muryar Yaya.

"Maigida, wannan ne gidan? Wannan ne mana, ba ka ga ƙofa ba? Ai kowane gida da ƙofa, maigida!" Ya bugi cinya ya fashe da dariya. Sannan ya juyo wurin Malam ya nuna akwatin da yatsa. "Ka ji? Ka ji yadda mutum yake magana? Kowace kalma tana fita fes. Wannan shi ne fim!"

Malam ya buɗe baki. Auta ta taka masa ƙafa da ƙarfin da take taka keken ɗinki, ya rufe.

Ta koma ta zauna a hankali. Abubuwa suka riƙa dawo mata ɗaya bayan ɗaya: yadda yake amsa kowace magana da "haka ne", yadda ya daina ɗaukar waya wai ba ya son surutu, yadda ya kafe bakinta da ido ranar Alhamis. Ashe ba ƙin sabon abu ba ne. Mutum ne aka zaunar da shi a tsakiyar danginsa suna ta dariya, shi bai san abin da ake wa dariyar ba, sannan ƙanwarsa ta tambaye shi ko bai ji ba. Kunya ta kama ta har ta rasa inda za ta sa idonta.

Amma Yaya bai ba ta damar dogon baƙin ciki ba. Shi ne babban mai fenti, shi ne ƙarami, shi ne matar mai gida da ta dawo ta tarar an shafa wa akuyarta shuɗi. Har ƙarar faɗuwar bokiti da baki yake yi. Da aka zo wurin tsani ya ce, "Ka riƙe tsanin?" sai ta ji bakinta ya amsa da kansa, tare da Malam, "Yana raina, maigida!" Awa ɗaya da rabi suka yi a haka. A duk shekarun nan ba ta taɓa jin daɗin fim ɗin kamar ranar ba.

Da ya tafi Malam ya ce, "Sai a gaya masa, a kai shi asibiti."

"Ka san Yaya kuwa? Ka ce masa ba ya ji, sai dai mu gan shi a hanya."

Kwana biyu tana juya abin, sannan dabara ta zo mata tana tsakiyar yanka hannun riga. Ta sa Malam ya tura mata sabon fim ɗin a waya. Ta ɗauko sabon littafin awo, irin wanda take rubuta ƙugu da kafaɗa da tsawon mutane, ta fara rubuta maganganun 'yan wasan. Ta saurara, ta tsayar, ta rubuta, ta koma baya. A gefe tana sa alama: nan yana hawa tsani, nan ya juya baya, nan waya ta yi ƙara. Masu kawo ɗinki suka yi ta mita a satin nan, wata ma ta karɓi zanenta ba a yi masa kalmasa ba. Malam ya karɓi rabin aikin, don rubutunsa ya fi nata kyau, kuma shi ma yana jin nauyin maganar tashar nan da ya yi.

Ta kai wa Yaya littafin a injin, tare da jan biro. Ta jira ya kashe inji, ta tsaya inda haske yake dukan fuskarta.

"Yaya, Malam ya ishe ni, wai sabon ya fi. Ga duk shirmen da suka faɗa na rubuto maka. Ka ja layi a duk inda suka ɓata, ranar Asabar mu kayar da shi da hujja."

Ya karɓa, ya buɗe, ya daɗe yana kallon shafin farko. Ya ce, "Ai biro ɗaya ba zai isa ba."

Ranar Asabar ya zo da littafin a aljihu, ya yi laushi don shafa, duk gefensa gari. Jan layi kam akwai shi. Kafin a sa faifai sai da ya yi wa Malam karatu: sun cire akuya, wanda babban laifi ne, mai riƙe tsanin ya cika wayo, alhali ɗan wauta ake so, kuma ina aka taɓa ganin mai fenti da farin takalmi? Malam ya kare abin da zai iya karewa, ya sallama maganar akuya.

Aka sa fim ɗin, lasifika tana wurinta. Minti biyar na farko Yaya yana naɗe da hannu. Da sabon babban mai fenti ya juya baya yana hawa tsani, sai murya ta fito daga kujerar taga, gaba da ta akwatin da numfashi ɗaya: "In na faɗo, ka ce wa mai gida rabin bangon kyauta ne!" Ɗan wasa ya maimaita. Yaya ya yi ƙoƙarin haɗiye dariyar, ta ƙi haɗiyuwa, ta fito masa ta hanci.

Daga nan bai sake yin shiru ba. A sati ɗaya ya haddace littafin, yana karantawa tsakanin buhu da buhu. Auta ta bari sai da ya yi nisa, sannan ta taɓa hannunsa, ya juyo, ta ce, "Yaya, ka bari mu ji mana."

Ya dube ta. "Me kike so ki ji wanda ban faɗa ba?"

Da aka gama Malam ya ce, "To, Yaya, yaya ka gani?"

"Bai kama ƙafar tsohon ba," in ji Yaya, yana goge ido da bayan hannu. "Amma yaron tsanin nan, in ya rage wayo, zai yi abin kirki."

Auta ta raka shi har bakin titi, rana tana shirin faɗuwa, masu shaguna suna shigar da kaya. Ya tsaya yana gyara hula, bai kalle ta ba ya ce, "Ranar nan da muka kalli kashi na biyu, babu murya a akwatin, ko?"

Bai jira amsarta ba ya ci gaba.

"Muna tsakiyar fim na hango wayar tana lilo a bayan tebur."

Ta zagayo gabansa don ya ga bakinta. "To me ya sa ba ka tsaya ba?"

"Na ga kuna dariya," ya ce. "Kuma a wurin da ya kamata."

Ya zaro jan biron daga aljihu ya miƙa mata, littafin kuwa ya mayar ya danna shi ciki sosai.

"Ki ce wa mijinki ya nemi izini ranar Litinin ya raka ni wurin likitan kunne. Na ji an ce, wato na ga an rubuta, za su yi kashi na biyu na sabon. Ba zan bari ki sake ɓata wa mutane ɗinki ba. Wannan karon da kunnena nake so in ji shirmen."