Bangon Ustaza

A ƙauyen nan na bakin kogi, kudu da garin Makwar, har yau in aka ce Ustaza ba sai an ƙara suna ba, kowa ya san Intisar ake nufi. Shekara ashirin da bakwai kacal ta yi a duniya. Da safe takan koyar da 'yan mata a makarantar ƙauye, da la'asar kuma ta tara iyayensu a tsakar gidan mahaifiyarta, Huseina. Da yake ba ta da allo, sai ta mai da bangon ɗakin tsohuwar allo, gawayin murhu ya zama alli. Za ka ga matan da suka aurar da 'ya'ya zaune a tabarma suna gumi a kan harafi ɗaya, ita ko tana tsokanarsu tana dariya, goye da ɗiyarta Abrar.

Zazzaɓin kwana huɗu ne ya ɗauke ta cikin zafin bazara. Kwana uku gidan bai da masaka tsinke. An zo daga Sinnar, an zo daga Madani, ɗalibanta suka shigo layi layi suna kuka har muryarsu ta dushe. Mijinta Abdulwahab, wanda ke aiki a madatsar ruwa, sai da aka riƙe shi a maƙabarta. Mutum ɗaya ce ba a ga hawayenta ba, wato uwar da ta haife ta.

Kada wani ya ce taurin zuciya ne. Intisar 'yar fari ce, kakannin Huseina kuwa da suka tako da ƙafa daga yamma, har da kunyar ɗan fari suka ƙunso a kayansu. Tun da ta haife ta ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai ta ce "waccan" ko "Ustazarku". Ko darasin da ake yi a jikin ɗakinta ba ta taɓa zama ba, ina uwa za ta durƙusa gaban 'yar fari tana biya karatu? 'Yan zamani suna cewa wannan al'ada wahalar da kai ce. Wataƙila da gaskiyarsu, amma tsohuwar da ta shekara sittin a kanta ba za ta sauke ta ranar makoki ba.

Da baƙi suka watse aka naɗe tabarmi, abin da ya rage mata shi ne bangon. Darasin ƙarshe na nan yadda mai shi ta bar shi, layi bisa layi, can ƙasa kuma, daidai tsayin yarinya, ga sunan Abrar da ɗan tsuntsu a gefensa. Huseina ba ta iya karanta ko harafi ba, amma ta san hannun kamar yadda ta san fuskar. Kullum da safe sai ta riƙe tsintsiya ta tsaya a wurin, wai shara take. Kewa ce ke cin ta, irin wadda ba ta da wanda za ta faɗa wa. Burinta ɗaya ne: Abrar, mai shekara biyu yanzu, ta girma ta karanta hannun uwarta da idonta.

To amma gawayi a jikin laka ba ya jure ruwan farko, ga hadari ya fara haɗowa ta kudu. Huseina ta yi ta saƙawa da kwancewa, ta tsai da shawarar sayo babbar leda mai kauri, wadda suke kira mushamma, ta rufe bangon ta ce don iska ne. Ranar Talata ta miƙa wa maƙwabciyarta Ruqaya jikar, ta ce za ta Sinnar neman maganin gwiwa.

Ruqaya ƙawar marigayiya ce kuma ɗalibarta, mace mai zuciyar kirki da gaggawar tsiya. Ta daɗe tana hango tsohuwar tsaye gaban bango fuska a yamutse, ta yanke wa kanta cewa rubutun nan ne ke fama mata ciwo kullum. Ga kuma lokacin yaɓe ya yi, kowane gida an shafe bango kafin ruwa, sai gidan uwar Ustaza da babu mai yi. Motar Sinnar na tashi Ruqaya ta bi gida gida ta kira gayya. Mata ashirin suka fito, duk waɗanda suka koyi rubuta sunansu a bangon nan. Aka kwaɓa laka da kashin shanu da dusar dawa, ana aiki ana share hawaye da bayan hannu, kowace tana ganin yau ta saka wa Ustaza.

Bayan azahar Huseina ta dawo da naɗin leda a hammata. Tun daga ƙofa warin sabon yaɓe ya tare ta. Bangon ya yi sumul daga sama har ƙasa. Matan suna tsaye a jere, laka har gwiwar hannu, suna murmushi suna jiran sa albarka.

Ta sa musu. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya da sannu da aiki, Allah ya yi albarka, Allah ya bar zumunci, muryarta ko rawa ba ta yi ba. Ruqaya ce ta dubi ledar, ta dubi 'yar jakar ƙusoshi da ke hannun tsohuwar, ta dubi bango, murmushin ya bushe a fuskarta.

"Inna, wanga mushamma na mine ne?"

"Na bango ne," in ji Huseina. "So na yi yarinyar ga ta girma ta gani."

Ruqaya ta zube a gindin bango, daidai inda ta san tsuntsun yake, ta shiga kankare ɗanyar lakar da farce, tana cewa bai bushe ba, wallahi bai bushe ba, yanzu zai fito. Lakar ta fito kuwa, amma baƙa ƙirin, ta shanye gawayin duka. Abin da ke ƙarƙashi tsohon bango ne wanda babu komai a jikinsa.

Huseina ta ajiye ledar, ta durƙusa da ciwon gwiwarta, ta kama hannun Ruqaya ta riƙe gam.

"Halas, shi ke nan, ɗiyata, bar shi. Ya bi mai shi."

Sai ta ɗebi lakar da aka kankare, baƙar nan, ta mayar da ita cikin ramin, ta shafe da tafin hannunta a hankali, ta sake shafewa. Ta daɗe a durƙushe hannunta a jikin bangon, babu wadda ta iya cewa ta tashi.