Ɗaurin Baba Mai Hannu

"Baba, don girman Allah ka ba ni makullin motata," in ji Malama, tana ƙoƙarin danne muryarta don kada maƙwabta su ce ta ɗaga wa dattijo murya.

Baba Mai Hannu bai ko ɗago kai ba. Yana zaune a ƙasa, ya jingina da tayar gaba, hannunsa na dama dafe da ƙirji, na hagu kuwa ya cusa shi cikin aljihun rigar aikinsa, inda makullin yake tare da notin da ke toshe kafar mai a ƙasan inji. Gumi yana tsattsafo masa a goshi alhali rana ba ta yi zafi ba tukuna. A ƙarƙashin motar, baƙin man da ya juye ya kusa cika wani tsohon daro, a gefe kuma ga galan na sabon mai da sabuwar filta a kwalinta.

"Babu inda za ni in bar mota da ciki a buɗe," ya ce, yana jan numfashi tsakanin kalma da kalma. "Iska ce ta tokare ni. Yanzu za ta wuce."

"Iska!" in ji Inna, matarsa, wadda ta fito da mayafi a karkace. "Mutum leɓensa ya yi fari fat, yana cewa iska. Maigida, ka ji tsoron Allah ka tashi mu tafi asibiti."

Tun rasuwar mijin Malama, maƙwabcinta Baba Mai Hannu ya ɗauki motar nan a matsayin amanar da aka bar masa, ko da yake babu wanda ya taɓa jin lokacin da aka ba shi amanar. Ya daɗe da barin gareji, amma garejin bai bar shi ba. Shi ne zai tare ta a bakin ƙofa tana saurin zuwa makaranta ya ce sai ya duba ruwan lagireto, shi ne zai buɗe mazubin man birki ya sunsuna ya girgiza kai kamar wanda aka kawo wa mummunan labari. Dandamalin ƙofar gidanta, da ta shafe da siminti da kyar, ya zama taswirar tabon mai. Ta yi magana da ladabi, ta yi da zolaya, ta aika ta bakin Inna. Duk a banza. Jiya da yamma ya karɓi makullin da sunan zai saurari inji. Yau da safe ta fito da shirin zuwa kasuwa ta tarar da bonet a wangale, shi kuma ya sunkuya a ciki yana kokawa da filtar mai.

Laƙabinsa ma daga filta ya samo asali. Duk layin an san alfaharinsa: bai taɓa sa ƙarfe a jikin filta ba, da tafin hannu yake kwancewa, da tafin hannu yake ɗaurawa. Masu amfani da sarƙar kwance filta, a wurinsa, 'yan koyo ne ko ragwaye. Da babban ɗansa ya aiko masa da irin sarƙar nan sabuwa dal, kallo ɗaya ya yi mata ya ce a kai wa mai bukata. To yau filtar ta ƙi. Ya murɗa, ya goge hannu, ya sake murɗawa har jijiyoyin wuyansa suka tashi, sai Malama ta ga ya saki ya zame ƙasa a hankali.

Tela, wanda shagonsa ke kallon gidajen biyu, ya iso da waya a kunne da igiyar awo a wuya. "Mai tasin da na sani yana can ƙarshen gari, ya ce sai ya sauke fasinja. Sauran ba su ɗauka ba."

"Ko jirgi ka kira ba zan hau ba," in ji Baba.

"To ai ba mu da jirgin ma," in ji Tela. "Mota ɗaya ce a layin nan, kai kuma ka zubar mata da jini."

Malama ta durƙusa a gabansa, ta haɗa duk haƙurin da take yi da yara a aji. "Baba, saurare ni. Ka ba ni notin, Tela ya ɗaure. Mu zuba sabon man nan a kan tsohuwar filtar, mu kai ka likita ya duba ka. In mun dawo, ka canza filta goma in kana so."

Ya buɗe ido ya dube ta kamar ta yi saɓo. "Sabon mai a kan tsohuwar filta? 'Yar nan, za ki yi wanka ki mayar da kayan da kika yi shara da su?"

"In gida yana cin wuta, zan mayar!"

"Gidana ba ya cin wuta."

Inna ta kai hannu aljihunsa. Ya damƙe bakin aljihun da ɗan ƙarfin da ya rage masa, nan take fuskarsa ta yamutse, numfashinsa ya sarƙe. Ta janye da sauri tana salati. Daga nan babu wanda ya sake tunanin ƙwacewa. Kokawar ta fi jiran haɗari.

Malama ta miƙe. Ta ajiye jakarta a kan rufin motar, ta naɗe hannun rigarta ta unguwa, ta zura hannu gefen injin inda filtar take. Santsi ne da ita kamar kifi. Ta murɗa har farcenta ya karye. Tela ya gwada, tumbinsa ya tokare da gaban motar, ya fito da hannu baƙi ƙirin yana huci.

"A huda ta da sukudireba a murɗa," ya ce. "Na taɓa gani ana yi."

"Ka je ka huda rigunan mutane," in ji Baba daga ƙasa. "Wanda ya huda min filta ban yafe ba."

"Baba," in ji Malama, kuma a wannan karon ba ta danne muryar ba, "hannunka ya kasa, nawa ya kasa, na Tela ya kasa. Ka hana a huda, ka hana a bari, ka hana a tafi. Me kake so mu yi? Mu zauna mu zuba maka ido?"

 Ba ta taɓa yi masa magana haka ba, kuma abin da ya fi tsaya masa shi ne cewa hannunsa ya kasa. Ya ɗaga hannunsa na dama daga ƙirji ya dube shi: faffaɗan tafi, mai kanta. Ya daɗe yana kallonsa. Sa'an nan ya kau da kai gefe, ya ce da bango, ba da kowa ba:

"A ɗauko sarƙar nan da yaron ya aiko. In ba a bayar ba."

"Ba a bayar ba," in ji Inna, har ta juya. "Tana kicin. Da ita nake buɗe murfin kwalaben da suka ƙi buɗuwa."

"Kwalabe," in ji Baba, ya rufe ido. "Allah Ya isa."

Ƙarfe ne mai tsawon kamu ɗaya, da sarƙa irin ta keke a bakinsa. Malama ta karɓa ba ta san gabansa da bayansa ba. Inna ce ta nuna mata yadda ake zagaya sarƙar a maƙala ta a ƙugiya, Baba kuwa yana gyara musu daga ƙasa ba tare da ya duba ba. "Kusa da gindinta za ki sa, ba a tsakiya ba. Hagu ake yi. Hagu na ce, Malama, ko ba a koyar da hagu a makarantarku?"

Ta ciji leɓe, ta yi bisimilla, ta ja. Sarƙar ta kama, filtar ta yi wata 'yar ƙara ta saki, da sauƙin da ya ƙara ba ta haushi. Ragowar mai ya gangaro ta gwiwar hannunta ya shiga cikin rigar.

Sai a lokacin ya fito da notin. Tela ya kwanta a kan kwali ya ɗaure shi da sifana, yana nishi yana cewa shi ɗinki ya koya. Malama ta ciro sabuwar filtar daga kwalinta, fara tas, za ta saka.

"Tsaya. Ki shafa mai a robar bakinta tukuna." Ta shafa. "Yanzu ku ɗaga ni."

"Baba!"

"Kwancewa na bar wa ƙarfe. Ɗaurawa tawa ce. Ku ɗaga ni, ko kuwa makullin ya kwana a nan."

Malama ta dubi sama ta nemi tsari daga abin da harshenta ke son faɗi. Ita da Tela suka tallafe shi ta hammata, Inna ta riƙe masa ƙugu. Bai da nauyin da take zato. Ya zura hannu, ya laluba, ya ɗora filtar a mazauninta ba tare da ya gani ba, ya juya ta a hankali har ta zauna, ya ƙara ɗan murɗi guda. Ya tsaya yana haki, goshinsa a kan ƙarfen motar.

"Ta ɗauru," ya ce, ya miƙa mata makullin.

Ta tuttula man ta mazurari. Ko a kujerar baya, kansa a cinyar Inna, sai da ya sa aka zaro sandar awon mai aka nuna masa kafin ya yarda a tayar da inji.

Hanya ta yi mata tsawo. Kowace danja ja, kowane mai babur a gabanta. Daga baya muryarsa tana zuwa ƙasa-ƙasa: ta saki kulocin da wuri, ta daina taka birki kamar tana kashe kunama. Can ya yi shiru, har ta leƙa madubi don ta ga ko lafiya. Idonsa biyu, yana sauraro.

"Kin ji muryarsa yanzu?" ya ce. "Haka ake son inji."

"Na ji, Baba. Ka yi ta salati."

"Ina yi. Ke ki sa giya ta uku."

An karɓe shi da gaggawa, aka shige da shi, aka bar su a kan benci. Bayan la'asar likita ya fito, ya nemi iyalinsa, ya yi magana a hankali. Inna ta ja mayafinta ta rufe fuska. Malama ta bi likitan har bakin ƙofa da tambaya a bakinta, tana son ta ji ko da sun zo tun farko da abin ya canza. Da ya juyo, sai ta ga ba za ta iya ɗaukar kowace irin amsa ba. Ta yi masa godiya kawai, ta koma ta zauna kusa da Inna, da hannun riga mai warin baƙin mai.

Kwanakin zaman makoki motar ba ta motsa ba. Malama tana ɗebo ruwa, tana tarbar baƙi, tana amsa gaisuwa, amma haushin bai bar ta ba. A sallah takan roƙa masa rahama da zuciya ɗaya, tana sallamewa kuma sai ta tsinci kanta tana yi masa faɗa a ranta: filta, Baba, a kan filta. Sai ta yi istigfari ta sake daga farko.

Ranar da za ta koma makaranta, ta ja motar baya don ta fita, sai ta ga sabon tabo a kan simintin, ɗan ƙarami, bai bushe ba. Ta kashe inji ta fito, ta tsaya a kansa hannu a ƙugu.

"Har yanzu?" ta ce a fili.

Ta buɗe bonet. Mai yana tsattsafowa ta bakin filtar, ɗigo yana taruwa a ƙasanta. A jikin farin fentin kuwa ga shatin yatsunsa nan baƙi, huɗu a gefe ɗaya, babban yatsa a ɗaya gefen.

Inna, da ke zaune a zauren gidanta da carbi, ta hango ta. "In kawo miki sarƙar ne?"

"A'a, Inna. Ba a ɗaurawa da ƙarfe."

Ta naɗe hannun riga, ta ɗora yatsunta a kan shatin nasa. Ba su cika shi ba. Ta murɗa dama, filtar ta juya a hannunta ba wata gardama, ta tafi kusan rabin zagaye kafin ta tsaya. Malama ta jima a sunkuye, hannunta bai bar wurin ba.

Da ta rufe bonet, ta ɗebo yashi a tafi don ta rufe tabon kamar yadda ta saba. Ta tsaya. Rana ta faɗo a kan ɗigon, yana ƙyalli a tsakiyar tsofaffin tabban da suka riga shi, yashin kuma yana zuba a hankali ta tsakanin yatsunta, gefe guda.