Haddar Abokan Break

Babu wanda ya fahimci harshen Turanci a duk faɗin kwarin Rima kamar Malam Abdussamadu, shugaban sashen Turanci na wata makarantar sakandare a Argungu. Shi ne ya gano abin da ya shige wa Turawa kansu duhu, wato kalma ba ta tafiya ita kaɗai, tana da abokan tafiya, kuma duk wanda ya haddace abokan ya gama da kalmar har abada.

Ɗauki break, alal misali. In ta haɗu da kofi, fasawa ce. In ta haɗu da alkawari, saɓawa ce. In ta haɗu da azumi, buɗa baki ce. Malam Abdussamadu ya tara abokanta kaf, ya jera su bisa tsarin abacada, ya sa musu karin murya irin na karatun allo. Haka ya yi wa kalmomin Turanci irin su take da run da set. Kullum da safe sai ka ji aji ya ɗauka gaba ɗaya, yara na rangaji, har masu sayar da albasa a bakin ƙofar makaranta sun iya baitin farko.

Wanda ke buga rula a tebur don daidaita karin shi ne Malam Mujtaba. Digirinsa na Turanci ne, kuma ya san abin da yake bugawa. Amma matarsa Hauwa'u na Gwadangaji a Birnin Kebbi, da 'yarsu Adama, da mahaifiyarsa mai hawan jini, shi kuwa yana ɗakin haya a Argungu, sai Juma'a yake ganinsu. Ya nemi a mayar da shi Birnin Kebbi. Neman ba ya motsi sai shugaban sashe ya sa hannu, shugaban sashe kuwa mutum ne mai nazari kafin ya sa hannu.

Sau ɗaya Mujtaba ya gwada son ransa. Ya rubuta jimloli a allo, ya ce kowa ya cike gurbi a cikin zuciyarsa. Ajin ya yi tsit. Ba a daɗe ba sai ga inuwar shugaban sashe a taga.

"Malam Mujtaba, rasuwa anka yi?"

"A'a, ranka ya daɗe. Tunani suke yi."

"Tunani! Ajin da ba a jin shi daga ofis, wa za ya shaida ana karatu cikinai? Ɗauki rularka, ƙanena. Maganarka tana raina, ban manta ba."

Ya ɗauki rula.

Da aka sanar da gasar Turanci ta makarantun jiha a Birnin Kebbi, Malam Abdussamadu ya kira shi, ya ba shi kujera, abin da bai saba yi ba. Ya ce in aka ciwo kofi, ranar nan zai sa hannu, don ba ya so a ce ya saki malami bai bar tarihi ba. Wadda aka zaɓa ita ce Ni'imatullahi, 'yar aji shida, 'yar masu noman shinkafa, wadda ta sauke Alƙur'ani tun tana ƙarama. Abokan break a wurinta wasan yara ne. Tana iya kawo su daga farko har ƙarshe ba ta yi tuntuɓe ba.

Daga farko har ƙarshe. Nan gizo ke saƙa, kuma Mujtaba ya sani. Ana gobe tafiya ya tare ta a bakin aji, ya ce, "Ni'ima, mi ka bin promise?"

Ta lumshe ido, ta fara rangaji. "Break a bone, break a cup, break a fast, break a habit..."

"Kai tsaye nika so."

"Malam, ai sai na biyo ta sama. In na shiga ta tsakiya ɓacewa nika yi."

Ya dubi ofishin shugaban sashe. Ƙofar a buɗe take. Ya ce mata ta je ta huta.

A zauren gasar an jera kujerun roba, fanka ɗaya ce ke aiki, ita ma ta manyan baƙi ce. Mujtaba ya zo da jakarsa, don ya yi wa Hauwa'u alkawarin a gida zai kwana. Ni'imatullahi ta wuce zagayen rubutu da na karatu ba wahala, har ta kai na ƙarshe, ita da wani yaro siriri daga Yawuri. Zagayen gaggawa ne: a yi tambaya, ka amsa kafin ƙararrawa.

Alƙaliyar gasa ta ce, da Turanci, ɗan tsere ya yi gudun da ba a taɓa yi ba, to me ya yi break?

Amsar ita ce record, kuma Ni'imatullahi ta san ta kamar sunanta. Tana nan bayan promise, inda aka ajiye ta. Yarinyar ta lumshe ido, leɓɓanta suka fara motsi, kafaɗunta na rangaji a hankali. Mujtaba ya tsinci yatsansa yana buga gwiwarsa, yana ƙara sauri ko za ta ji. Ta wuce ƙashi, ta wuce kofi da azumi, ta wuce ɗabi'a da doka. Tana kan alkawari aka kaɗa ƙararrawa.

Yaron Yawuri ya faɗi kalmar kamar mai amsa sallama.

A wajen zaure, a gindin motar makaranta, shugabar makaranta ta tambayi abin da ya faru. Malam Abdussamadu bai nuna ɓacin rai ba ko kaɗan. Fuskarsa ta mai ilimin da aka gaskata ce.

"Hajiya, kin dai gani da idonki. Amsa na bakinta. Tsari ya yi aikinai. Sauri ne babu, sauri kuwa aikin mai rula ne." Ya juyo. "Ko ba haka ba, Malam Mujtaba?"

Ni'imatullahi na cikin mota, ta rufe fuska da hijabi. Hajiya na jiran amsa. Hannun da zai sa hannu yana gyara hula.

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"Madalla. To sai mu ƙara darasin Asabar da Lahadi, har gasar baɗi. Gobe za mu fara, tun abin da zafinai. Ba ni sakin ka da wanga tabo a sunanka, ƙanena. Kai ma ba ka so."

Mujtaba ya sa jakarsa ƙarƙashin kujerar baya, ya zauna kusa da taga. Motar ta kama hanyar Argungu. Da suka zo Gwadangaji direba ya rage gudu saboda 'yan Keke Napep da suka cushe a mahaɗa, har Mujtaba ya hango kan layinsu da shagon mai cajin waya. Ya ciro tasa wayar, ya kira Hauwa'u, ya kare baki da hannu.

"Abban Adama, ka iso? Inna tun la'asar take tambaya."

"Ku ci abincinku," in ji shi. "Ki ce mata aiki ya taso."