Ƙarfe Mai Yawo

Tun da ƙaramar hukuma ta ce duk mai gidan haya sai ya yi rajista, barcin masu gidajen layin ya ragu. Kafin a liƙa wa mutum lamba a ƙofa, sai jami'a ta zo ta duba gidan da idonta: banɗaki da ƙyaure, wayar wuta a rufe, rufi ba ya yoyo, matakalar bene kuma da ƙarfen dafawa. Wanda ya samu lamba ba shi da ikon korar ɗan haya sai ya je ofis ya faɗi dalili. Wanda bai samu ba, a ba shi wa'adi ya gyara, in ya ƙi a rufe gidan.

Masu gidajen ba su yi gardama da hukuma ba. Suka zauna suka sha shayi, suka tashi da dabara. Benayensu duk magini ɗaya ya gina, matakala iri ɗaya, tsawo ɗaya. To me zai sa kowa ya yi nasa ƙarfen? Aka ƙera guda ɗaya tak. Ranar da jami'a za ta zo gidanka, a ɗaura maka shi da noti. Tana juya baya, a kwance a kai gidan na gaba.

Wanda ya ƙera shi, shi ne mai ɗaurawa da kwancewa. Mai walda ne, ana kiransa Tartsatsi. Ba shi da yawan magana, kuma in ya yi shiru ba a cika son tambayarsa me yake tunani ba. Rumfarsa tana jikin katangar gidan da yake haya, gidan Baba Mai-makullai, ɗakinsa kuma yana sama, shi da mahaifiyarsa.

Inna kuwa yanar ido ta rufe mata gani, haske kawai take gani da inuwa. Famfo yana ƙasa, banɗaki yana ƙasa. Matakalar kuwa gefe ɗaya bango, gefe ɗaya fili, in ƙafa ta goce sai simintin tsakar gida. Don haka a zaune take sauka. Ta zauna a matakin sama, ta lalubo na ƙasa da diddige, ta ja jiki. Matar da a da in ta shigo gidan biki ake matsa mata hanya, yanzu sai ta kasa kunne ta ji tsakar gida ba kowa, sannan ta fara jan jiki. Tartsatsi ya taɓa cewa zai riƙa goya ta.

“Ni na goya ka,” in ji ta. “Ba za a juya ba.”

Ya taɓa roƙon Baba ya bar shi ya sa ƙarfe da kansa. Baba ya karkaɗa makullan da ke rataye a ƙugunsa ya yi dariya.

“Yau ka sa ƙarfe, gobe ka sa taga, jibi ka ce da kai aka gina gidan. Na san irinku. Ba mai taɓa min siminti.”

Tun daga ranar bai sake tayar da maganar ba. Ya ci gaba da ɗaukar ƙarfen a kafaɗa daga gida zuwa gida. Yana gani tsofaffin gidan mutane su dafa shi da hantsi, da la'asar ya zo da sifana ya raba su da shi.

Ranar nan Baba ya tsaya a bakin rumfa, yana kare ido daga hasken walda.

“Kai, sarkin wuta! Kashe abin nan, kada ka makantar da ni ban ga jikokina ba.”

Tartsatsi ya kashe injin, ya ɗaga baƙin tabarau zuwa goshi.

“Gobe layi ya zo kanmu. Da sassafe ka ɗaura. Kada ka matse notin da yawa, jami'a tana fita maƙwabcinmu Dogo zai aiko a ɗauka, shi ma goben za a duba nasa. Ka ji ko?”

“Na ji, Baba.”

“Kullum na ji, na ji. Bakinka haya kake biya masa ne?”

Da gari ya waye ya shigo da ƙarfen. Ya huda matakan inda ya saba hudawa a sauran gidaje, ya zura ƙusoshi, ya ɗaura noti sako-sako kamar yadda aka ce. Yana tattara kayan aiki ya ji ƙofar ɗakinsu ta buɗe.

Inna ta fito da buta. Ta tsaya a saman matakala tana kasa kunne, ta sunkuya za ta zauna. Gwiwar hannunta ta bugi wani abu mai sanyi. Ta shafa shi, ta bi shi da tafin hannu.

“Wane ne a nan?”

“Ni ne, Inna.”

“Wannan shi ne mai yawon?”

“Shi ne.”

 Ta mai da butar hannun hagu, ta damƙi ƙarfen da dama, ta miƙe tsaye. Ta sauko da ƙafa ɗaya. Ƙarfen ya ɗan yi rawa, ta dakata, ta sake saukowa. Matar direba, wadda ke ɗakin ƙasa, tana wanki a bakin famfo. Ta ɗago kai ta saki guɗa.

“Yau ga Inna a tsaye! Ashe doguwa ce haka? Wallahi na ɗauka mun yi kai ɗaya!”

“Ke tafi can, gajeriyar banza,” in ji Inna, tana haki tana dariya. “Ko a zaune na fi ki.”

Tartsatsi bai yi dariya ba. Ya tsaya yana kallon bayan zanenta. A wanke yake tas, babu ƙurar matakala a jiki. Ya daɗe bai ga hakan ba.

Ya ajiye sifana. Ya fita rumfa, ya jawo injin walda har tsakar gida, ya ɗauko guduma da kurfin sarar kankare.

Tela, maƙwabcinsa na sama, ya leƙo da tef a wuya. “Malam, me za ka yi da inji? Ba noti aka ce ba?”

Tartsatsi ya ajiye injin. Ya durƙusa a matakin farko ya fara sarar gefen kankaren, har rodin da ke ciki ya bayyana. Ya jingina ƙafar ƙarfen da rodin, ya sauke tabarau, ya kunna wuta.

“Innalillahi! Kai, ka san abin da kake yi kuwa? Baba zai watsa maka kaya a titi!”

“Matsa, kada ya ƙona maka wando.”

“To mutanen gidan Dogo fa? In aka je ba ƙarfe aka rufe musu gida?”

“Wa'adi ake bayarwa. Ya yi nasa.”

Ya bi ƙafafun ƙarfen ɗaya bayan ɗaya, daga ƙasa har sama. Bai yi ɗigon wuta irin na wucin gadi ba, zagaye ya yi wa kowace ƙafa, ya sake zagayawa. Kan notin ma ya narkar da su, yadda babu sifanar da za ta ƙara kama su. Sannan ya kwaɓa siminti ya toshe inda ya sara. Hayaƙi ya cika tsakar gida. Matar direba ta kwashe shanyarta tana mita, amma da ya gama ita ce ta share ɓaraguzan ba tare da an roƙe ta ba.

Da hantsi jami'a ta iso, Baba yana gabanta cikin sabuwar riga, yana ta buɗe ƙofofin da ba a ce ya buɗe ba. Mace ce mai matsakaicin shekaru, takalminta duk ƙura, da alama ta gaji da layin. Ta leƙa banɗaki, ta kunna famfo, ta ɗaga kai ta dubi wayoyi. Da ta zo matakala sai ta tsaya.

“Wannan ƙarfen kamar mun taɓa gaisawa da shi.”

“Ranki ya daɗe, ai duk maƙeri ɗaya ne,” in ji Baba. “Hannunsa ba ya canzawa.”

“Haka suke ce min a kowane gida.”

Ta kama shi ta girgiza. Bai motsa ba. Ta sa hannu biyu ta jijjiga da ƙarfinta. Ko gezau. Ta sunkuya ta dubi ɗanyen simintin da baƙin tabon wuta. Baba ma ya sunkuya. Murmushin da ke fuskarsa ya tsaya a inda yake, kamar an manta da shi a wurin.

“To, madalla,” in ji jami'a. “Kai ka yi abin kirki, Baba. Na gaji da masu rawa.”

“Ai... ai haƙƙin mutane ne,” in ji Baba.

Ta liƙa lambar a ƙofar gida, ta ɗauki hotonta, ta ɗauki na matakala. Ta faɗa wa 'yan haya cewa daga yau mai ƙorafi ya san hanyar ofis, kuma za ta iya dawowa ba sanarwa. Ta wuce.

Baba ya jira har ta sha kwana. Sannan ya juyo.

“Kai. Zo nan.”

Tartsatsi ya zo ya tsaya, hannayensa a baya.

“Me na ce maka jiya?”

“Ka ce kada in matse noti.”

“To wannan mene ne?”

“Walda ce, Baba.”

“Na san walda ce, ɗan nema! Makaho ka ɗauke ni? Ƙarfen nan nawa ne ni kaɗai? Na mutum nawa ne a layin nan?”

Kafin ya rufe baki sai ga Dogo da kansa, mai gidan da ke gaba, ya shigo da sauri har yana tuntuɓe da bokiti.

“Ina kayan? Matar nan ta tsaya a shagon mai kemis, daga can sai ni!” Ya kama ƙarfen ya ja. Ya sake ja. Ya dubi ƙafafun, ya dubi Baba. “Au! Haka za ka yi min? Ka ci naka ka share baki?”

“Wallahi ba ni ba ne! Ga ɗan iskan da ya yi!”

“To ya yanke! Yanzu!”

Baba ya nuna rumfa da makulli. “Ɗauko abin yankanka.”

“Ba zan yanke ba.”

 Tela ya janye kansa daga taga, ya bar ido ɗaya.

“Me ka ce?” in ji Baba.

“Uwata ta sauko a tsaye yau. Ba za ta koma jan jiki ba.”

“To ku kwashe kayanku, kai da ita, kafin magariba!”

Tartsatsi ya ɗaga kai ya dubi ƙofar ɗakinsu. Ya san babu ɗakin da zai samu kafin magariba, ya san kuma yadda Inna ta haddace wannan ɗakin da hannu, daga gado zuwa ƙofa. Amma bai ɗaga murya ba.

“To, Baba. Mu je ofis tare. Ka faɗa musu dalili.”

Baba ya waiwaya. Ya dubi ƙofar gida inda lambar ke manne, ko gam ɗinta bai bushe ba. 

Dogo ya ce, “Bar shi! Akwai mai walda a bakin kasuwa, yanzu zan kira shi.”

“Kira shi,” in ji Tartsatsi. “Da rodin matakala na haɗa. Sai ya farfasa matakan kafin ya cire.”

“A farfasa mana!”

“A farfasa wa?” Baba ya juya kan Dogo kamar an taka masa ƙafa. “Matakalar ubanka ce? Hoto fa ta ɗauka! Ta dawo ta ga ba ƙarfe, ta ga rami, lambar wa za a cire? Taka?”

Suka kaure da cacar baki, wannan yana tuno wa wancan bangon da ya ci masa, wancan yana tuno masa magudanar ruwa. Daga ƙarshe Dogo ya fita yana rantsuwa, ya tafi ya tari jami'a ya roƙi wa'adi.

Baba ya dawo kan Tartsatsi yana huci.

“Ɗaki dai doka ta tsare maka. Rumfa fa? Rumfa ba haya ka kama ba, alfarma na yi maka. Ka tashi daga jikin katangata yau ɗin nan. Kuma ka sani, duk layin nan ba mai ƙara ba ka aiki, ko ƙugiyar rataye riga.”

“Na ji, Baba.”

Wannan karon Baba bai yi masa ba'a ba. Ya fita, makullai suna kaɗawa.

Da la'asar Tartsatsi ya kwance rumfar. Ya cire kwanon rufin, ya naɗe wayoyi, ya ɗora injin a baro. Akwai wani fili bayan tashar mota inda masu faci ke zama, rana tana dukansa tun safe, kuma babu wanda ya san shi a can. Nan zai fara gwadawa. Direba ya dawo daga aiki ya kama masa ɗaure kayan, bai tambayi komai ba, matarsa ta riga ta ba shi labari har da ƙari.

Ya shiga tsakar gida ɗaukar guduma. Inna tana tsaye a tsakiyar matakala, hannunta a kan ƙarfen.

“Na ji duk abin da aka yi,” in ji ta. “Ka jawo wa kanka.”

“Na sani.”

“Taurin kai irin na ubanka. Shi ma haka ya ƙare, ba rumfa ba kwano.”  “A can ɗin akwai inuwa?”

“Zan yi.”

Ta gyaɗa kai. Ta sake shafa ƙarfen, ta tsaya a wani wuri.

“Nan ka bar wani tsini. Ya karce min hannu sau biyu. Aikin gaggawa ka yi.”

Tartsatsi ya dubi rana, ya dubi baron da ke jiransa a waje. Ya koma ya kwance igiyar da direba ya ɗaure, ya tono magagarin goge ƙarfe daga ƙasan kaya, ya hau matakala.

“Nuna min wurin,” in ji shi.

Ta kama yatsansa ta ɗora a kai.