Injin Don Fulgencio da Bakin Yayana

Yayana Evaristo malamin lissafi ne a sakandaren garinmu, San Andrés Tecolotla, can saman duwatsun Oaxaca. Shi ne kuma jagoran 'yan sa-kai masu ceton waɗanda suka maƙale a kogo. Ni ma ina cikinsu, don ni nas ce a ƙaramin asibitin garin. Mutum ne mai tausayi, amma bakinsa ba linzami, tun muna yara.

A daminar da abin ya faru, bututun da ke jawo wa gari ruwa daga cikin kogo ya toshe. Crisóforo Betanzos ya shiga gyara tare da maƙwabtansa biyu. Suna can ciki sama ta ɓarke da ruwa kamar da bakin ƙwarya, kafin a ankara mashigar ta cika har rufi.

Muka kafa injinan zuƙe ruwa, masu nutso suka iso daga Puebla, 'yan jarida suka biyo bayansu. Ana cikin haka sai ga jirgi mai saukar ungulu ya sauke wani ƙaton injin haƙa a filin ƙwallon makaranta. Don Fulgencio Arrieta ne ya aiko shi. Duk ƙasar nan babu wanda bai san shi ba: siminti nasa, ma'adinai nasa, har gidan talabijin gare shi, ga miliyoyin mutane da ke bin duk abin da ya rubuta a shafinsa. Tun jirgin bai sauka ba ya sa hoton injin, ya ce zai huda dutsen daga sama ya zaro mutanen.

Yayana ya ce a'a. Ya ce rufin kogon ruɓaɓɓe ne, girgizar injin za ta rufto shi a kansu. Shugabar injiniyoyin Don Fulgencio, wata mace mai natsuwa, ta ce sun auna, rufin zai riƙe. Ba wasa take yi ba, shi ma ba wasa yake yi ba. Suka yi ta ja a gaban dattawan gari, a ƙarshe dattawa suka bi maganar ɗan garinsu. Aka lulluɓe injin da tamfol.

Da yammacin ranar Evaristo ya fito daga kogo, laka har gira, idanunsa jawur. Wata 'yar jarida ta tare shi da makirufo.

"Malam, Don Fulgencio ya ce kana ɓata lokaci. Me za ka ce masa?"

"Ki ce masa ya ɗauki injinsa ya huda ƙoƙon kansa, ko Allah zai sa ya tarar da ƙwaƙwalwa a ciki. Mutane na shirin mutuwa, shi hoto yake nema."

Na ja hannun rigarsa. "Yaya, don Allah ka yi shiru mana!"

Ina! Kafin gari ya waye duk ƙasa ta gani.

Mun fito da mutum biyu da rai. Crisóforo kuwa ruwa ya raba shi da su, ya jefa shi wani ɗaki na can ƙasa, cinyarsa ta karye. Da masu nutso suka kai gare shi ya riga ya cika. Ruwa ya sake tasowa, dole suka naɗe shi suka ɗaure a kan wani tudun dutse, suka gudo da ransu.

Ba a gama addu'ar mamaci a coci ba Don Fulgencio ya yi rubutu. Ya ce: "Wannan malamin ƙarya shi ya hana injina aiki. Da an haƙa, da yanzu Crisóforo yana gida cikin 'ya'yansa. Ku tambaye shi abin da yake ɓoyewa a kogon nan da ba ya so a gani. Ku tambaye shi kayan waye."

A ƙasarmu ba sai an fassara wa kowa wannan ba. Ya jingina shi da masu fataucin ƙwaya ke nan.

Wayar Evaristo ba ta sake hutawa ba. Wasu zagi, wasu su yi shiru yana jin numfashinsu, wasu su faɗa masa sunayen 'ya'yansa da hanyar da suke bi zuwa makaranta. Sojoji suka zo suka birkice gidanmu, har buhunan masarar Mama suka farke da wuƙa. Ba su sami komai ba, amma gidan talabijin ɗin Don Fulgencio ya yi ta nuna hoton motocinsu a ƙofarmu safe da yamma. Hukumar makaranta ta dakatar da shi. Matarsa Leocadia ta kwashe yara ta tafi gidan iyayenta a Tehuacán.

Na roƙe shi ya bar maganar ta mutu. Bai ji ba. Ya ɗauki bidiyo a tsakar gida yana kiran Don Fulgencio maƙaryaci, matsoraci, wanda bai taɓa jiƙa takalminsa don wani ba. Don Fulgencio kuma ya mayar masa da dariya, ya sa lauyoyinsa suka maka shi a kotu. Evaristo ma ya shigar da tasa ƙarar. Kullum sai ɗaya ya faɗi wata magana, ɗayan ya rama, mutanen da ba su san inda garinmu yake ba suna tafi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne cikin gari. Mutanen da yayana ya koyar da 'ya'yansu suka fara sauya hanya in sun hango shi. Eufrosina, matar marigayin, ta daina amsa gaisuwata.

Da rani ya shigo ruwa ya janye, Don Fulgencio ya sanar cewa zai dawo da injinsa ya fito wa iyalin da gawa, duniya kuma ta ga abin da ke cikin kogon. A makon ne Melquíades, wan Crisóforo, ya dawo daga Amurka inda yake aiki a mayanka.

Da safe muna shan gahawa ya tsaya a ƙofarmu, adda a kafaɗa.

"Malam, fito."

Mama ta damƙe gicciyen wuyanta. Evaristo ya ajiye kofi ya fita, na bi shi.

"Ka ce injin zai kashe shi," in ji Melquíades. "Ba a haƙa ba, ya mutu. To?"

"To ban sani ba, Melquíades. Wataƙila da an haƙa ya rayu. Wataƙila da duka ukun sun mutu. Ni na zaɓa."

"Kai ka zaɓa."

"Ni ne."

Melquíades ya gyara riƙon addar. Maƙwabta sun fara leƙowa ta kan katanga.

"Yau za ka kai ni wurinsa. Ba zan bari wancan mutumin ya zaro ƙanena gaban kyamara kamar an kamo kifi ba. Kuma rufin nan da kake faɗa, da idona zan gan shi."

"Ba ka taɓa sauka da igiya ba."

"Ba malami ba ne kai? Sai ka koya mini."

Na ce da ni za a je. Evaristo ya harare ni, na harare shi. Muka kira mutum biyu daga ƙungiyarmu don ɗaukar gawa. A bakin kogo yayana ya ce adda ba za ta shiga ba. Melquíades ya jingine ta a dutse ba gardama. Sai da muka yi nisa, fitilar goshina ta haska ƙugunsa, na ga wuƙar fawa a cikin kube.

Akwai wani rami mai zurfi da dole a sauka da igiya kafin a kai ɗakunan ƙasa. Mutanenmu biyu suka fara sauka da makara. Evaristo ya duba ɗamarar Melquíades, ya ja kowane ƙulli, ya nuna masa yadda zai riƙe, sannan ya maƙala kansa ya zura ƙafafu cikin duhu. Aka bar ni daga ni sai Melquíades, da igiyar da ta miƙe tsam da nauyin yayana.

Ya tsuguna kusa da inda aka ɗaure ta. Ya zaro wuƙar.

"Nicandra," ya ce, bai dube ni ba. "In igiyar nan ta tsinke, wa zai ce ba tsautsayi ba ne?"

Na auna tazarar da ido. Tsakanina da shi bai fi tsawon hannu ba, amma na san kafin in motsa ya gama.

"Ni zan faɗa," na ce.

"Ke ɗaya."

"Ni ɗaya. Sai in ka haɗa da ni."

Ya kwantar da kaifin a kan igiyar. Ina jin ƙarar ƙarfen ɗamarar yayana yana zamewa a jikin igiyar can ƙasa, yana ƙara nisa.

"Ni na goya Crisóforo," in ji shi. "Uwarmu tana gona, ni nake goya shi. Kin san da ya karye yana nan kwance yana jira? Suna ta gardama a waje, shi yana jira."

"Na sani."

"Ba ki sani ba."

Na kafa ido a kan igiyar. Addu'a ma ta ƙi zuwa bakina. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba, sai muryar Evaristo ta taso daga ƙasa: "Na sauka! Turo shi a hankali!"

Igiyar ta saki. Melquíades ya dubi wuƙar kamar wani ne ya sa masa ita a hannu, ya mayar da ita kube. Ni na maƙala shi a igiyar da hannuna.

Mun tarar da Crisóforo inda aka bar shi, a naɗe cikin leda, laka ta bushe a kanta. Melquíades ya durƙusa ya ɗora tafinsa a kai, ya yi magana ƙasa-ƙasa da yarenmu. Da ya gama ya miƙe ya haska sama. Rufin duk tsaga ne, ga manyan falalen dutse a rataye, ga wasu da suka faɗo tun zamanin da ba wanda ya sani.

"Wannan zai faɗo in an haƙa?"

"Wataƙila," in ji Evaristo.

"Wataƙila kuma ba zai faɗo ba."

"Wataƙila."

Sai Melquíades ya kai masa naushi a baki. Yayana ya faɗi zaune cikin laka, leɓensa ya fashe. Mutanenmu suka yunƙura, ya ɗaga musu hannu. Ya tofar da jini, ya tashi, ya kama gaban makara.

"Kama ta baya," ya ce wa Melquíades. "In mun zo matsatsi ka tura, ni in ja. Kada ka saki ko me ya faru."

Fitowar ta fi shigar wuya. A wani wuri sai da muka kwanta rub da ciki muna jan makarar kaɗan-kaɗan, Melquíades yana kuka yana turawa. Ban gaya wa yayana abin da ya faru a bakin ramin ba, ko a ranar ko bayanta.

Rana ta yi sanyi muka fito. Labari ya riga ya zaga, rabin gari na tsaye, ga ma'aikatan gidan talabijin ɗin Don Fulgencio da suka zo share wa injin hanya. Wani ya cusa wa Melquíades makirufo.

"Me ka gani a ciki? Ka yarda malamin nan ne ya kashe ɗan'uwanka?"

"Laka na gani, da ƙanena. Kauce ka ba mu hanya."

Eufrosina ta zo da farin mayafi ta lulluɓe makarar. Ba ta dubi kowa a cikinmu ba. Washegari aka binne shi.

Injin bai dawo ba. Don Fulgencio ya goge rubutunsa, bai ba da haƙuri ba, ya koma faɗa da wani gwamna. Shari'a ta ja har damina ta sake zagayowa. Alƙali ya ce attajirin tambaya ya yi, bai yi ƙazafi ba, aka kori ƙarar yayana. Lauyoyinsa kuma suka janye tasu a ɓoye, ko a jarida ba ta fito ba.

Makaranta ba ta mayar da Evaristo ba. Ya bi iyalinsa Tehuacán, yana koyar da yara lissafi a gida. Har yau in an buga sunansa a waya, maganar ƙwaya ce take fara fitowa. Melquíades ya koma Amurka bayan jana'iza, bai yi wa kowa sallama ba.

Ni ina nan a asibiti. Eufrosina takan kawo 'ya'yanta rigakafi, amma sai ta tambayi mai gadi tukuna wace nas ce a bakin aiki. In ni ce, ta juya ta dawo wata rana.