Matar Tsallaken Titi

A shekarar da yajin aiki ya kashe garin Duwala, kasuwa sai ƙarshen mako, taksi ko ɗaya ba ya fita, matan gidan Hajiya Tsohuwa a unguwar New Bell suka rasa abin yi. Sai ɗanta Yusufa, mai rumfar nuna bidiyo, ya kwaso injinsa ya kawo falon uwarsa don kada masu zanga-zanga su farfasa masa. Shi ke nan kuwa, kullum bayan azahar falo ya cika har bakin ƙofa.

Hapsatu ba ta cika shiga ba. Ita ce mai boko a gidan, ta yi aikin buga tafireta a wani ofis a Bonanjo kafin a sallame su. Amma ranar nan da ɗokinta ta zo, domin kaset ɗin da Yusufa ya samo fim ne da aka yi daga wani tsohon littafin Faransanci da ta karanta har bangonsa ya cire. Ga shi kuma 'yarta Hadija ta zo hutu. Tun da aiki ya tafi ta tura yarinyar Ngaundere wurin ƙanwar marigayi mijinta, kuma tun lokacin sai dai saƙon sabulu da atamfa, ƙafarta ba ta taka can ba. Yarinya ta dawo ta yi tsawo, tana gaisuwa kamar baƙuwa, komai aka ce mata sai "to". Wannan "to" ɗin yana cin ran Hapsatu. Labarin littafin kuwa na wata mata ce da yunwar yaƙi ta sa ta bar ɗanta a hannun mai gasa burodi. Hapsatu ta ce a ranta, bari su kalla tare, ko yarinyar ta gane abin da baki ya kasa faɗa.

Amma masu fim ɗin nan ba su ji tsoron Allah ba. Matar da littafi ya ce ƙafafunta duk faso, sai ga ta da jan baki da hula mai gashin tsuntsu. Ta dire yaro a ƙofar gidan burodi kamar ƙullin wanki, ta shige motar wani mai gashin baki, ko waiwaye babu. Daga nan ba a sake ganinta ba sai can ƙarshe, ta tsufa tana roƙon gafara, ɗan ya rufe mata ƙofa. Har da kiɗa aka saka masa na jin daɗi.

Falo ya ɗauka. Yelwa mai ƙosai ta yi tsaki ta ce maganinta ke nan. Hajiya ta ce ko kaza ba ta yin haka. Wata daga baya ta ce duk macen da barci ke ɗauka alhali ɗanta na gidan wasu, ba uwa ba ce, sannan ta tuna wa ke zaune, ta shiga gyaran goyo. Hadija dai idonta na kan talabijin, ko motsi ba ta yi ba.

Hapsatu ta miƙe ta tare gaban akwatin. Ta ce ƙarya ce, sharri ne aka yi wa baiwar Allah, babu mota babu mai gashin baki a littafin kaf. Ta ce wasu ƙarti sun zauna sun yanke zuciyar labari sun zubar don su sami wadda za a zaga, su kuma matan falon sun hau kai sun zauna. Yusufa ya ce, "Haba Yaya Hapsatu, fim ne fa. In aka sa komai ai sai a kwana ana kallo." Ta ce ya rufe mata baki, shi da bai taɓa gama karanta bayan kaset ba. Ta fice cikin ruwan sama, ta tsallake kwatar tsakar gida, ta dawo da littafin a ƙarƙashin mayafi.

A tsaye ta karanta, tana juyawa da Hausa. Matar nan, in ji littafi, aikin wanke ulu ta samu a wani ƙauye mai nisa. Amma duk ranar kasuwa sai ta tako da ƙafa, ta tsaya a tsallaken titi ƙarƙashin rumfar wani tela, a ruwa da sanyi, don kawai ta ga ɗanta ya fito da faifan burodi. Ba ta taɓa fashi ba, har ranar da zazzaɓi ya kayar da ita a hanya.

Nan take falo ya juya. Yelwa ta kama share hawaye da bakin zane. Hajiya ta ce Allah ya isa tsakaninta da masu fim, sun sa ta zagi marainiyar Allah da tsufanta. Hapsatu ta ji sanyi a ranta, ta rufe littafi, ta juya wurin wadda don ita aka yi duk wannan.

"Kin dai ji ko, Hadija? Haka labarin yake."

Yarinyar ta ɗago, murya ƙasa ƙasa, babu rashin kunya ko kaɗan.

"Na ji, Mama. Ita ai tana zuwa."

Hapsatu ta buɗe baki za ta ce jirgin ƙasa, za ta ce nisa, za ta ce rashin aiki, kuma duk gaskiya ne. Sai ta tuna yanzun nan da bakinta ta faɗa musu da ƙafa matar take takowa. Ta zauna a hannun kujera, littafin a cinyarta, Yusufa kuma ya sunkuya yana mayar da kaset baya.